Tukunyar da Aka Ce an Ara

Yaran unguwarmu sun ɗauka sayar da tsofaffin kaya zama ne kawai. Suna wucewa ta gaban rumfata a Jakara, su gan ni a kan benci, tukwane da tasoshi a jere a gabana, sai su ce Baba Sabo ya huta. Kwanakin baya ɗan ƙanena ya zo da wayarsa, ya ce in bar shi ya ɗauki hoton kayan ya watsa, wai kafin la'asar an kwashe rabi. Na ce ya mai da wayar aljihu. Ya yi dariya, ya ce tsufa ne. Wataƙila tsufan ne. Amma tunda yanzu da yawanku kun shigo harkar, wasu da waya wasu da baro, wasu kuma kuna zuwa saye saboda sabon kaya ya fi ƙarfin aljihu, bari in rubuta abin da na sani. Karatuna bai yi nisa ba, sai ku yi haƙuri da yadda ya zo.

Aikin farko da maigidana, marigayi Baba Ɗanjuma mai tasa, ya damƙa mini shi ne wankin wata tasa ta jan ƙarfe da ta yi baƙi ƙirin. Lokacin ban wuce aike ba. Ya ba ni toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya da tsumma, ya tafi masallaci. Na ga tokar ba ta sauri, sai na ɗebo yashi na dirje tasar har ta ɗauki ido. Da ya dawo na miƙa masa ina jiran yabo. Ya juya ta, ya shafa bakinta da babban yatsa, wurin da a da akwai zanen da maƙeri ya yi da hannu, ƙanana kamar sawun tsuntsu. Babu ko ɗaya. Bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Ka wanke dattin, ka haɗa da kuɗin." Tasar ta daɗe a rumfa ba wanda ya taya, kuma kullum da safe ni yake sawa in fito da ita in ajiye a gaba.

Kayan aikinmu ba su da yawa: tsumma, toka, tsamiya, soson waya na tukwanen ƙarfe kaɗai, tsohon makulli na ƙwanƙwasawa, da mayen ƙarfe da nake ɗaure da zare a aljihun gaba. In aka ce maka tasa jan ƙarfe ce, manna mata mayen. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Tukunya kuwa kada ka duba ta a zaune. Ɗaga ta daga ƙasa, ka ƙwanƙwasa. Lafiyayya tana jan amo, mai tsaga sai ka ji amon ya yanke kamar an toshe mata baki. Akwai masu cike tsaga da sabulu su bi da baƙin tukunya, don haka ka sa farce ka kankare gindin, ka shinshina. Kwano da langa ka ɗaga wa rana, ƙofa komai ƙanƙantarta za ta nuna kanta. Dutsen guga na gawayi ka buɗe ka rufe, ka ji ko maƙalin yana kamawa. Fanka da rediyo, in ba a kunna a gabanka ba, in aka ce an ɗauke wuta, to ka taya su a matsayin matattu. In ka je gida suka tashi, ribarka ce.

Wata tukunya na taɓa karɓa ana gab da kiran magariba, ina sauri, ban ƙwanƙwasa ba. Washegari wata mata ta saya don bikin 'yarta. Ranar wuni, tana kan murhu cike da miya, sabulun ya narke. Matar ta zo da tukunyar a ka, ta dire ta a gabana, ta yi mini faɗan da har yau masu rumfunan layin nan suna tuna mini. Na mayar mata da kuɗinta, amma miyar ban iya mayarwa ba. Tun daga nan ba na karɓar kaya in rana ta karkata, ku ma kada ku saya a lokacin. Ku zo da hantsi, haske yana da kyau, zafi bai ɓata wa kowa rai ba, mai rumfa yana son ya buɗe hannu. Kada ku zo da shadda mai sitaci da makullin mota a hannu. Kada kuma abin da kuke so ya zama shi kuka fara ɗauka.

Ciniki yana da kalmominsa. Mai saye ya taya, wato ya faɗi abin da zai bayar. In bai yi wa mai kaya ba, sai ya ce, "Albarka." Yaran yanzu suna jin kamar kora ce. Ba kora ba ce. Abin da take nufi shi ne kayan na sayarwa ne, kuɗinka ne bai kai ba, ka ƙara. In kuwa ya ce, "Na sallama," magana ta ƙare, shi ba ya janyewa, kai ma ba ka janyewa. Saboda haka kada ka taya abin da ba ka da niyyar ɗauka, kada kuma ka sa baki a cinikin wani sai ya saki kayan ya juya baya.

Duk wannan mai hankali zai koya cikin 'yan watanni. Wahalar sana'ar a wani wuri take. Yawancin abin da kuke gani a rumfata ba nawa ba ne, amana ce. Mai shi ya kawo, in sayar, in cire la'adata, in kai masa sauran. Kuma a cikin birni ba a rabuwa da tasa ko darduma don nishaɗi. Akwai gida mai babban zaure, maigidan yana fitowa da farar riga ana gaishe shi, alhali tun jiya ba a ɗora tukunya ba. Kayan wannan gidan ne a gabana. Shi ya sa ba ma tambayar kaya na wa ne a gaban mutane, in aka tambaye mu ba ma faɗa, kuma kayan unguwa ba ma baje su inda 'yan unguwar suke wucewa. Muna musaya da masu rumfa a wani gefen gari, ko mu jira mutanen ƙauye. Hoton da ɗan ƙanena yake son ɗauka, kafin azahar ya shiga kowane ɗaki a unguwar da kayan suka fito.

Wani mutum ya taɓa zuwa wajen maigidana da agogon bango a ƙarƙashin riga. Ni ina gefe ina goge kwano. Na ɗaga kai na ce, "Malam, ba kai ne kake koyar da yayana ba?" Gaisuwa nake nufi. Mutumin ya ce eh, ya tambaye ni lafiyar yayan, ya mai da agogon cikin riga, ya ce dama wucewa yake yi. Bayan ya tafi Baba Ɗanjuma ya dube ni ya ce, "Yau ka hana gida guda cin abinci." Na ɗauka wannan ya ishe ni darasi har in mutu. Ashe da saura, kuma sai da gemuna ya yi fari ya same ni.

A shekarar da hatsi ya yi tsadar nan, wadda har yanzu ake kwatance da ita, masu kawowa sun rinjayi masu saye. Rumfata ta cika har ba ni da wurin miƙe ƙafa. Mutanen ƙauye da suke zuwa bayan kaka sayen kayan aurar da 'ya'ya ba su zo ba. Masu kuɗi a hannu su ne 'yan gwangwan kaɗai, masu saye a sikeli don a narke. Su ba ruwansu da amo ko zane. Na ga an sa guduma an farfasa tukwanen da suka girme ni, an watsa a buhu. Sai in wuni tun safe ban yi cinikin ko ludayi ba, masu kaya kuma suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya, su gaishe ni, su dubi kayansu a inda suka bar su, su tafi.

A cikin wannan hali Inna Kande ta zo. Tsohuwa ce daga Dukawuya, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙe da 'ya'yan ɗanta da shi ma ya rasu. Tun zamanin maigidana take zuwa rumfar, a nan ta haɗa tasoshin auren 'ya'yanta mata har zuwa kan autarta. Tana da wata tukunya ta baƙin ƙarfe mai ƙafa uku, wadda yaro zai zauna a ciki ba a ga kansa ba. A wajen uwar mijinta ta gada. A Dukawuya ba a suna ko biki ko sadaka sai an aika aronta, kuma ba a mayar da ita wofi, sai da kwanon abinci da goro a ciki. Kowace mace a unguwar ta san ta, har da tabon walda mai ruwan rawaya da yake kunnenta ɗaya.

Ta zauna a bakin benci, ta tambaye ni iyali ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka yi aure. Sai da layin ya yi shiru sannan ta ce, "Sabo, akwai wata tsohuwa a gidana da nake so ka nema wa wurin zama."

Na ce, "Wacce daga ciki, Inna?"

"Mai ƙafa uku."

Ta gyara mayafi ta ce, "A ƙauye nake so. Can nesa, inda ba su san Dukawuya ba. Ban yarda ta kwana a gidan kowa a cikin ganuwa ba."

Na ce, "In sha Allah."

Ta ce, "Ba in sha Allah irin ta 'yan kasuwa ba."

Ita da kanta ta tsara yadda za a fito da tukunyar. Da rana tsaka aka loda ta a adaidaita sahu a gaban maƙwabta, ta ce musu wasu dangi ne a ƙauye suke biki suka aiko aro. Ba wanda ya yi mamaki, tukunyar ta saba fita. Na tura ta can ƙuryar rumfa, na lulluɓe da buhuna, na zauna jiran baƙauye.

Baƙauye bai zo ba. Wani ɗan gwangwan ya ɗaga buhun, ya ce a ɗora ta a sikeli. Na ce ya saki. Aka kwana biyu Inna Kande ta sake zuwa. Ba ta yi zancen tukunya ba. Ta ɗauki wani ludayi ta juya, ta tambayi kuɗinsa, ta ajiye. Na lura zoben azurfar da na sani a yatsanta babu shi. Na so in ba ta wani abu daga aljihuna kafin a sayar, amma aljihun ba komai. Da ta tafi na ce wa kaina, abin da yake ƙarƙashin buhu ai ba mai ganinsa balle ya taya. Jakara ina, Dukawuya ina. Washegari na jawo tukunyar na ajiye a gaban rumfa, na juya kunnen mai walda ya dubi bango.

Ba ta daɗe a wajen ba wani mutum ya tsaya a kanta. Ina ɗaga kai na gane shi: Alhaji Tijjani mai shagon yadi, mijin autar Inna Kande. Na gan shi yana karɓar gaisuwa lokacin rasuwar ɗanta. Shi bai san ni ba. Muka gaisa, ya ce, "An sauka a gidana, Malam, suna yana matsowa. Mun aika gidan surukata aron tukunya, aka ce an ara, ba a dawo da ita ba. Na ce bari in nemi tawa in huta."

Na ce, "Barka. Allah ya raya."

Yana magana yana zagaya tukunyar. Ya ƙwanƙwasa da zobensa, ta ja amo. Ya kai hannu bayanta, yatsansa ya sauka a kan waldar. Ya ɗan tsaya. Sannan ya taya.

Na ce, "Albarka."

Ban yi shawara da kaina ba, bakin ne ya faɗa. Abin da ya saba faɗa ke nan tun ina yaro in an taya kaya. Da na ce, "Gyara aka kawo," ko "Ajiya aka ba ni," da ya tafi da cewa masu aron ne suka biyo da ita ta nan, da maganar surukarsa ta tsaya da ƙafarta. Amma na ce albarka, kuma duk wanda ya tashi a Kano ya san abin da na ce: ta sayarwa ce. Sayar masa kuwa ba zai yiwu ba, don ranar suna matan Dukawuya duk suna gidansa.

Ya ƙara. Na ce albarka. Ya sake ƙarawa, ya kai kuɗinta na gaskiya a shekara mai kyau. Na ce albarka. Ɗanladi mai fitila, wanda rumfarsa take jikin tawa, ya leƙo ya ce, "Sabo mai tsofaffi, zinare ka binne a ciki? Mutum ya zo da kuɗi a bana kana yi masa yanga. Alhaji, in ya ƙi ka dawo nan, ina da fitilar da ta ga Turawa."

Alhaji Tijjani bai yi dariya ba. Ni yake kallo, ba tukunyar ba. Ya ninka tayin gaba ɗaya, ya wuce abin da sabuwa za ta ci. Ɗanladi ya koma rumfarsa. Ni kuma ba ni da wata kalma a baki sai wadda na fara da ita. Na ce albarka.

Ya zauna a kan bencina ba tare da na ce ya zauna ba. Ya rage murya ya ce, "Malam, ni na kai wannan kunnen wajen mai walda, shekarar da aka yi sunan ɗana na fari."

Na ce, "Tukwane suna kama da juna, Alhaji."

"Haka na ce wa kaina da na taɓa ta. Har tayi na biyu ina cewa kama ce. Amma ka ce ta sayarwa ce, kuma ba kuɗina ne ba ka so ba. Ni ne ba ka so ka sayar wa."

Na dubi ƙasa. Ya ce, "Kowane mako ina zuwa gaishe da Inna. Ta fito da tabarma, ta sa a kawo mini ruwa, ta tambaye ni kasuwa. In na ce Inna akwai abin da ake bukata, ta ce sai godiyar Allah." Ya shafa fuska. "Gidana ba zan iya kai tukunyar ba. Mayar mata kuma da wane baki? Ka ajiye ta a wajenka. Ka kai mata kuɗin. Kada ta ji sunana, kada iyalina ta ji."

Na ce ya rage zuwa kuɗin kasuwa, don wannan ya yi yawa. Ya ce, "Na taya a gaban mutane. Kai dai ka sallama." Na sallama. Ya sayi wata ta alminiyon don suna, ya tafi. Na mai da ta Inna ƙurya, na rufe da buhunan.

A sana'armu kuɗin mai kaya ba ya kwana a aljihun dillali, kuma ba a rage ko kwabo a kan abin da aka sallama. Wannan ƙa'ida ce ta tsare mini mutunci duk rayuwata. Daga baya na yi tunanin da na riƙa kai mata kaɗan-kaɗan, in ce mai sayen ne yake biya a hankali. A ranar bai zo mini ba. Ana idar da la'asar na ɗaure kuɗin a tsumma na nufi Dukawuya.

Ta fito zaure, muka gaisa. Na ce Allah ya kawo mai saye. Ta kwance tsumman. Ba ta ƙirga ba, kallon kaurinsu kawai ta yi. Mace ce da ta yi shekaru tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa daga cikin gida, ta san kuɗin kowane abu.

Ta ce, "Sabo, a bana babu baƙauyen da yake da wannan."

Na ce, "Allah ne mai bayarwa, Inna."

"Na sani. Ta hannun wa ya bayar?"

Na dubi tsumman da yake hannunta.

"Shekaranjiya aka aiko aro daga gidan Auta, na ce an ara. Yau ka zo mini da kuɗin tukunya biyu." Ta ɗaure tsumman a hankali. "Mijin Auta ne."

Ba tambaya ta yi ba. Daga cikin gida ina jin jikokinta suna rigima a kan wani abu. Ta juya ta saurare su, ta dawo da kallonta kan tsumman. Na san tana so ta miƙo mini ta ce in mayar masa. Na kuma san ba za ta iya ba. Ta sa shi a ƙarƙashin mayafi.

Na ce, "Inna, laifina ne. Na fito da ita gaba."

Ta ce, "Na ce maka ƙauye." Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan. Sai ta sake fito da tsumman ta ce, "Cire la'adarka."

Na ce na yafe.

"Cire. Kada kai ma ka mai da ni abar sadaka."

Na cire. Na miƙe zan tafi ta ce, "Kada ya san na sani."

Haka na koma Jakara da amana biyu a wuya, kowacce tana kallon ɗaya. Bayan suna Alhaji Tijjani ya biyo ta rumfa ya ce, "Ta gane?" Na ce ta karɓa, ta yi addu'a. Bai sake tambaya ba. Amma yakan tsaya jefi-jefi in ya shigo kasuwar Kurmi, ya zauna a benci, ya dubi buhunan da suke ƙurya. Wata rana ya ce mini, ba tare da na tambaye shi ba, "Yanzu in na je gaisuwa daga cikin ɗaki take amsawa. Tabarmar ma yara take ba su shimfiɗa." Ya ce iyalinsa ta ce ciwon ƙafa ne. Hatsi yana aikawa, ana karɓa, a aiko da godiya ta bakin yara. Fuskarta dai bai ƙara gani ba. Ita ma ba ta ƙara tako rumfata ba. In tana da abin sayarwa bayan nan, wani ta kai wa, kuma ban ga laifinta ba.

Tukunyar ta zauna a ƙuryata shekaru. An biya kuɗinta, mai ita ta da ba ta da ikon nema, mai ita na yanzu ba shi da inda zai kai ta. In damina ta zo in shafa mata mai don tsatsa. Mutanen ƙauye suka dawo da shekara ta gyaru, wasu suka ɗaga buhun suka taya. A nan bakina ya koyi cewa, "Ajiya ce."

Da Allah ya yi wa Inna Kande rasuwa, na je jana'iza, na tsaya a sahun baya. Washegari Alhaji Tijjani ya zo rumfa da mai kurar dako. Ya ce za a yi abincin sadaka, tukwanen gidan ba za su isa ba. Muka kinkimi tukunyar mu uku muka ɗora. Na rufe rumfa na bi su a ƙafa har Dukawuya.

Auta ce ta fito zaure, idonta a kumbure. Ta san ni tun tana yarinya tana rako uwarta kasuwa. Tana ganin tukunyar ta dafa kunnen mai walda.

Ta ce, "Baba, kai ka karɓo mana ita? Su wa suka riƙe ta haka?"

Na ce, "Wasu mutane ne, 'yata."

"Ba su kyauta ba. Duk wanda ya zo aro sai Inna ta ce ba a dawo da ita ba tukuna. Na ce ta faɗa mini garin in aika, ta ce in bar su, wataƙila suna da uzuri."

Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa, yana kallon ƙasa.

Na ce, "Ba su kyauta ba."

Ƙofar cikin gida ƙarama ce, sai da muka karkata tukunyar sannan ta shige. Ina jin mata a tsakar gida suna cewa ga ta ta dawo, a kawo duwatsun murhu. Auta ta fara kwance bakin mayafinta ta ce, "Baba, nawa ne na mai kura?"

Na ce, "Bar shi. An biya."